Saƙon Baffa a Kwamfuta ta Sha Huɗu

Shekarar Hidaya ashirin da tara a duniya, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifinta ba. Ko sau ɗaya, wallahi. Ƙannenta dai har gajiya suke yi da amsa kira: Rahma zo nan, Sagiru ina ka kai min buta, Rahma kawo ruwa. Ita kuwa in ta kama dole Malam Shitu ya yi zancenta, sai ya ce "waccan", ko "yayarku", ko kawai ya yi nuni da haɓa. 'Yar fari ce. Su kuma Fulani ne da suka daɗe da barin yawo da shanu, suka zauna a gefen Kibiya suna noman gero da gyaɗa, amma kunyar ɗan fari tana nan a gidan yadda kakanni suka bar ta.

Ranar da aka yaye ta, kakarta Inna Dije ta goya ta ta tafi da ita, a ɗakinta kuma ta girma. In Hidaya ta yi ƙorafi, sai tsohuwar ta ce, "Ke tafi can. Haka muka tarar. Ni ma ban taɓa faɗin sunan ubanki ba, kin ga na ƙi shi ne?" To, Hidaya ta san al'ada ce, ba yarinya ba ce. Sai dai tana da ido. Ta ga baffanninta sun sassauta, kowa ya nemo wa ɗan farinsa laƙabi yana kiransa da shi, har da wasa da dariya. Nata uban ne kaɗai ya riƙe abin da hannu biyu. In ta durƙusa ta ce, "Baffa, ina kwana," sai ya amsa wa bango. Tun tana cewa kunya ce, har zuciyarta ta fara raɗa mata cewa mutumin nan dai ba ya yi da ita, kunyar kuwa mafaka ya samu. Wannan tunanin ya ci ta shekara da shekaru, kuma ba wanda ta iya faɗa wa tun da Inna Dije ta rasu.

Sai Allah ya haɗa su a ma'aikata ɗaya. Da aka buɗe reshen jami'a a bayan garin Rano, Malam Shitu na cikin ma'aikatan farko, akawu a ofishin rajistara. Tafireta ce sana'arsa tun yana saurayi, yatsu goma yake bugawa ba ya ko duban hannunsa. Aikinsa tsaf yake. In ya gama wasiƙa, ya zare ta, ya karanta, ya sa a wani tiren ƙarfe da ke gefen teburinsa na dama. Daga nan nasa ya ƙare. Gwadabe masinja, wani dattijo mai surutu da suka shekara ashirin tare tun a tsohon wurin aikinsu, shi zai zo ya kwashe abin da ke tiren ya kai inda za a kai. A shekara talatin da ɗaya na aiki, Malam Shitu bai taɓa kai wasiƙa ko ƙofar ofis da hannunsa ba.

Hidaya kuwa ilimin kwamfuta ta karanta a Kano, ta dawo aka ɗauke ta a wannan reshen. Shekararta ta biyu, hukumar jami'a ta ce daga zango mai zuwa ba sauran takarda a hannu: rajistar ɗalibai, sakamakon jarrabawa, wasiƙun ofis, duk ta kwamfuta. Aka samo kwamfutoci ashirin da huɗu da farantan sola, aka gyara wani ɗaki kusa da laburare, aka ce Hidaya ta tsara horon. Ma'aikata su fara, mako shida, sannan ɗalibai su biyo baya rukuni-rukuni. Ma'aikacin da bai ci ba, za a ɗauke shi daga teburinsa a ba wanda ya iya.

Ta zage ta yi aikin. Ta rubuta littafin koyon da Hausa, shafi arba'in, da hotuna, da manyan baƙaƙe saboda masu tabarau. In da za ta faɗi gaskiya, duk shafin da ta rubuta fuskar mutum ɗaya take gani. Da ta zo kan jarrabawar ƙarshe, sai ta tsaya ta yi tunani, ta rubuta cewa kowane mai koyo zai buɗe imel ɗinsa, ya rubuta wa malamar aji wasiƙa, ya fara da gaisuwa da cikakken sunanta, ya tura. Wanda saƙonsa bai iso ba, ba shi da satifiket. Hajiya Saude, rajistara, ta karanta ta ce, "Madalla, wannan ai mai sauƙi ce." Ba ta san tarko ne 'ya ta ɗana wa ubanta ba. Hidaya ta ce a ranta: tunda bakinsa ya ƙi, ai yatsunsa za su faɗa. Sau ɗaya kawai take so, ta gani da idonta, ta huta.

Ranar farko ana yayyafi, damina ta kankama. Malamai, akawuna, masu kula da sito, har da mai gadin laburare, kowa ya kama kujera. Malam Shitu ya wuce can layin baya jikin taga, ya zauna a kwamfuta mai lamba sha huɗu. Ya cire hularsa ya goge gumi ya mayar. Kowa na cewa "Malama Hidaya, sannu da aiki," shi kuwa ya ƙura wa allon ido kamar an ba shi gadinsa.

Kai, an sha dariya a ajin nan. Wani babban malamin tarihi ya ɗaga linzamin kwamfuta sama yana nuna allo da shi kamar rimot ɗin talabijin. Wata akawu ta danna abu ɗaya sau goma, shafuka goma suka buɗe, ta ɗora hannu a ka tana salati. Malam Shitu kuwa dukan maɓallan yake yi da ƙarfin da ya saba dukan tafireta, ana jiyo shi daga baranda, kuma duk ƙarshen layi sai hannunsa na hagu ya tashi neman ƙarfen mayar da takarda, ya kama iska, ya dawo. Amma fa da aka zo buga rubutu, sai aka ga aiki. Kafin kowa ya gama layi uku ya cika shafi, ba kuskure ko ɗaya. Ajin ya ɗauki tafi. Malamin tarihin ya ce, "Af, ashe gado Malama ta yi!" Hidaya ta ji wani daɗi, ta dubi mahaifinta. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana gyara bakin rigarsa.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne tambaya. Kowa yana ɗaga hannu ya kira ta, wasu har ta gaji da su. Shi ko kusa. In abu ya cije masa, sai ya karkata wajen na kusa da shi ya yi raɗa, na kusan ma ba sani ya yi ba, su taru su ɓata. In ta zagayo layin baya ta tsaya a bayansa, sai kafaɗunsa su sandare, ya janye hannu daga maɓallan ya ɗora a gwiwa har sai ta wuce. Wata rana ta daure ta ce, "Baffa, a nan za ka danna." Ya ce "To" ba tare da ya juyo ba, bai kuma danna ba sai da ta yi nisa. Ta koma gaban allo tana magana, muryarta na rawa, ta ce mura ce.

A mako na biyar, ranar Laraba, ta koyar da tura saƙo: inda ake sa adireshin wanda za a aika wa, inda ake rubutu, da shuɗin maɓallin da ke ƙasa wanda in ba a danna shi ba saƙo ba ya zuwa ko'ina. A ranar kujerar sha huɗu ba kowa. An yi rasuwa a ƙauyen Saji, wani abokin Malam Shitu na ƙuruciya, ya tafi jana'iza. Mutum uku ne suka rasa darasin. Washegari biyun suka tare ta tun a ƙofa, ta nuna musu cikin minti biyar. Sannan ta tsaya gaban aji, ta ce, "Akwai wanda abin jiya ya wuce shi? Ya yi magana yanzu." Idonta na kan layin baya. Ta sake faɗa. Malam Shitu ya buɗe littafin da ta rubuta yana juya shafi da yatsa.

Ta san ya kamata ta taka ta je. Taku goma ne. In da wani dattijon ne, da tuni ta ja kujera ta zauna kusa da shi. Amma zuciya ta ɗebe ta, ta ce a ranta: yau dai shi zai nema. Shafi na talatin da shida, mai bayanin tura saƙo, yana nan, in karatu yake so ya karanta. Ta juya ta shiga darasin gaba.

Ranar jarrabawa ta zo, Alhamis, da hantsi. Hidaya ta rubuta adireshinta a allo, ta zauna a teburinta da wayarta a gaba. Ba a yi minti goma ba saƙonni suka fara shigowa, wayar na ƙara ɗaya bayan ɗaya. "Zuwa ga Malama Hidaya Shitu, bayan gaisuwa." Wasu layi biyu, wasu addu'a, malamin tarihi har da waƙe ta. Mutane suka dinga tashi suna fita. Ɗakin ya rage daga ita sai shi.

Yana ta bugawa. Wannan karon ba duka yake yi ba, a hankali yake taɓa maɓallan, ya tsaya, ya share, ya sake. Rabin awa, awa ɗaya. Hidaya ta yi kamar tana duba takardu, alhali ko harafi ba ta gani, kunnenta na can layin baya. Me yake rubutawa haka? Da aka kira azahar ya tsaya, ya karanta abin da ya rubuta tun daga sama yana bi da yatsa, ya duba ƙasan allon, ya gyaɗa kai. Ya zaro hankici ya goge maɓallan, ya kashe allon yadda aka koya musu, ya miƙe. Da ya zo wucewa ta gaban teburinta sai ya ɗan rage tafiya, har ta ɗago. Sannan ya fita.

Ta jawo wayar. Ashirin da uku. Ta sake lodawa. Ashirin da uku. Ta ce ƙila intanet ce, ta fita baranda ta ɗaga wayar sama. Ta duba da la'asar, ta duba a cikin adaidaita sahu a hanyar gida, ta duba Juma'a, Asabar, Lahadi. Ba komai. Sai ta haɗa wa kanta labarin da ya fi kowanne ciwo: ya zauna awa biyu yana buga abin da ya ga dama don kar a ce bai yi ba, da ya zo kan sunanta ya ga gara ya rasa aikinsa na shekara talatin da ya rubuta shi. A ɗakinta ta yi kuka irin wanda rabonta da shi tun rasuwar Inna Dije. Da kukan ya ƙare, abin da ya rage fushi ne.

Litinin ta kai sakamako ofishin rajistara. Hajiya Saude ta bi sunayen, ta tsaya a kan na sha huɗu, ta cire tabarau.

"Hidaya, mahaifinki ne fa."

"Na sani, Hajiya. Saƙonsa bai iso ba."

"Mutumin da ya fi kowa iya bugu? Ki kira shi ya sake mana. Ko ki duba kwamfutar, ƙila wani abu ne ya faru."

"Ba abin da ya faru. Doka ɗaya ce ga kowa, ni na rubuta ta. In na ɗaga masa, gobe me zan ce wa ɗalibai?"

Hajiya Saude ta dube ta ta daɗe, sannan ta sa hannu. Kafin ƙarshen mako aka mayar da Malam Shitu ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, aka ba wani saurayi teburinsa. Gwadabe ne ya kai masa takardar. An ce ya karanta ta sau biyu, ya ninke, ya sa a aljihu, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Bai kai ƙara ba, bai tambayi kowa dalili ba.

Akwai wani benci ƙarƙashin darbejiya a ƙofar ofishin rajistara. Duk wanda zai fita get daga ɗakin kwamfuta ta nan yake bi, kuma ta nan Hidaya take bi kullum in ta tashi. Tun ranar Alhamis ɗin jarrabawa, Malam Shitu, mutumin da ana sallame la'asar yake hawa babur ɗinsa ya kama hanyar Kibiya, ya koma zama a bencin nan. Hidaya ta hango shi daga nesa a ranar farko, ranta a ɓace, ta juya ta zaga ta bayan laburare, ta bi ta cikin ciyawa da taɓo ta fita ta ƙaramar ƙofa. Washegari ma haka. Sai ya zame mata hanya.

A mako na uku bayan jarrabawar Gwadabe ya tare ta a bayan laburaren, ta tattare zani tana tsallake ruwa.

"'Yata, wannan wace irin hanya ce kika ɓullo da ita? Ga hanya mai kyau can. Baffanki yana bencin nan kullum har a rufe get. Ko ruwa ake yi sai dai ya matsa baranda. Na ce masa Malam me kake jira, ya ce shan iska yake. Wace iska a cikin sauro?"

Hidaya ta ce, "Baba Gwadabe, Allah ya kawo masa abin da yake jira."

Ta wuce abinta. Maganar nan ita ce ta fi komai dawo mata daga baya.

Zazzaɓi ne ya fara kama shi, ya ƙi kwanciya, ya ci gaba da zuwa aiki. Ranar wata Talata ya yanke jiki ya faɗi a tsakanin fayiloli, aka kwashe shi zuwa asibiti a cikin Rano, likita ya ce jininsa ya hau sosai. Hidaya ta je da gudu, ko jaka ba ta ɗauka ba. Ta durƙusa a gefen gadon ta ce, "Baffa, sannu. Ya jikin?" Ya buɗe ido ya dube ta. A iya saninta wannan ne karo na farko da ya dube ta ido cikin ido, kuma kallon mai jiran magana ne. Ta sake cewa sannu. Sai ya lumshe ido, ya juya fuska bango, ya ce wa ƙanwarta, "Rahma, ki ce wa yayarku ta je ta huta, tana da aiki gobe." Kwana biyu bayan nan, da safiyar Alhamis, Allah ya karɓi abinsa.

Ta yi zaman makoki a Kibiya idonta a bushe. Mata na cewa kai, Hidaya akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne. Gani take an rufe maganar ke nan, ya tafi da sunanta a cikinsa, ba kuma wanda za ta tambaya dalili.

Bayan sadakar bakwai ta koma aiki, don rukunin farko na ɗalibai zai fara Litinin, kuma tun ranar jarrabawa ɗakin yake a kulle. Sai an bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya an fitar da imel ɗin ma'aikata, an share abin da suka bari. Ranar Asabar da safe Gwadabe ya buɗe mata, ya tsaya yana kaɗe ƙurar tagogi yana ba ta labarin da ba ta saurara. Ta gama ta ɗaya, ta biyu, har ta sha uku. A ta sha huɗu ta yi tsaye jim, sannan ta ja kujerar ta zauna ta kunna.

Imel ɗinsa a buɗe yake, bai fita ba. Ta kai hannu za ta rufe, sai idonta ya faɗa gefen hagu, wurin da ake tara saƙonnin da aka rubuta ba a tura ba. Akwai guda ɗaya. Ta danna. Adireshinta ne a sama, daidai, ba kuskuren harafi ko ɗaya. Kwanan wata a dama, yadda yake tsara wasiƙun ofis.

"Zuwa ga Hidaya Shitu.

"Bayan gaisuwa. Hidaya, an ce a rubuta sunanki, to ga shi na rubuta. Ni na zaɓa miki shi. Ana ta kawo sunaye na ce a'a, na raɗa wa liman wannan, daga ranar kuma ban sake faɗinsa a fili ba. A sujada ina faɗa.

"Ranar da Inna ta tafi da ke na bi ku a baya har bakin rafi, na ɓuya kar a gan ni a yi min dariya. Da kina firamare, duk ranar kasuwa nakan tsaya jikin katangar makarantarku lokacin hutun tara, kina da wani koren ɗankwali. Fom ɗinki na shiga jami'a ni na buga shi, sau uku, don na farko da na biyu sai da na yi kuskure. Takardun sakamakonki tun na aji ɗaya suna cikin akwatina na ƙarfe, Rahma ta san inda mabuɗin yake.

"Mu haka aka tarbiyyantar da mu. Na ga 'yan'uwana sun sassauta, na so in yi, sai na ga na makara, ban san ta inda zan fara ba. Na san abin ya yi miki ciwo. Ina gani. A ajin nan sau da yawa na so in ɗaga hannu, in na buɗe baki sai ya ƙi. Kin iya koyarwa, Hidaya. Ranar da aka ce gado kika yi, ban yi barcin kirki ba don daɗi.

"Ki yafe min. Ba sai kin ba ni amsa ba, ni ma ba zan iya tsayawa a gabanki a yi maganar ba. In kin karanta kin yafe, ki biyo ta ƙofar ofishinmu in kin tashi, yadda kika saba. Zan zauna a bencin. Ko ba ki tsaya ba, in na ga wucewarki na gane.

"Na gama, na sa a tire.

"Mahaifinki, Shitu Bello."

A ƙasan allon, da ƙananan baƙaƙe, kwamfutar ta nuna cewa an ajiye. Kusa da wurin ga shuɗin maɓallin nan, ba wanda ya taɓa shi.

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Hidaya wanda ita kanta ba ta san nata ba ne. Gwadabe ya yar da tsumma ya taho. "Subhanallahi, 'yata, lafiya?" Ta nuna masa allon. Dattijon ba ya karanta boko sosai, amma ya gane sunan abokinsa a ƙasa.

"Au, takardar da ya aiko miki ce? Ai ranar ya fito yana murmushi, ya ce min, Gwadabe, an kusa raba ka da aiki. Wannan na'ura da ka gama rubutu sai ta ce ta ajiye, shi ke nan, masinjanta na ciki ya ɗauka." Ya dubi fuskarta. Muryarsa ta sauka. "Ba ta iso ba?"

Ta girgiza kai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Gwadabe. Ya dafa bango ya zauna a kujerar kusa. "Shi ya sa. Wayyo Malam. Shi ya sa bencin."

Sai yanzu ta ga abin ta wajensa, kuma ganin ya fi mutuwar ciwo. A saninsa ta karanta. A saninsa ta karanta duk wannan, ta kayar da shi, aka raba shi da teburinsa, sannan ta canza hanya ta gwammace taka taɓo da ta wuce ta gabansa. Mako uku yana zaune yana kallon kwanar laburare. Kallon da ya yi mata a asibiti, amsa yake jira, ita kuma ta ce masa sannu. Taku goma ne tsakaninta da kujerarsa ranar da ya dawo daga jana'iza. Hajiya Saude ma sai da ta ce ta duba kwamfutar. Ta kifa kai a kan maɓallan da ya goge da hankicinsa, ta yi kukan da ta kasa yi a Kibiya, tana cewa, "Baffa, na yafe, wallahi na yafe, ni ce zan nemi yafiya." Gwadabe bai hana ta ba, shi ma hawaye yake sharewa da hannun riga.

Da ta samu ta ɗago, ta daɗe tana kallon shuɗin maɓallin. Sannan ta kama linzamin ta danna. Ba a yi daƙiƙa biyu ba wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta ciro ta. Sabon saƙo, daga Shitu Bello, layin farko ya fito a fuskar wayar: Zuwa ga Hidaya Shitu.

Ba ta share kwamfuta ta sha huɗu ba a ranar, ba ta kuma ƙarasa sauran ba. Ta ce wa Gwadabe ya kulle. Ta fito ta bi hanyar da ta saba bi a da, ta ƙofar ofishin rajistara. Ruwan jiya ya zubo da ganyen darbejiya a kan bencin, ba wanda ya share. Ta wuce ta gabansa a hankali, wayar a hannunta, har ta kai get. Sai ta juyo, ta dawo, ta sake wucewa.